Katantanwa a Ƙarƙashin Kujera

Baban Ma'u,

Na wuce makaranta, ban jira ka dawo ba. Ƙaramar jif ɗin da dillali ya kawo jiya ta kwanta min a rai. Hanyar Guri ba za ta gagare ta ba, ba ta shan mai, har Inna ta hau da kanta. Amma da na sa hannu ƙarƙashin kujera ɗauko takalmin Inna, sai ga bawon katantanwa da busasshen taɓo. Me ya kai katantanwa cikin mota? Don Allah kada ka amsa masa sai ka tambaye shi inda ta yi damina. Wadda za ta tsallake ruwa muke nema, ba wadda ta kwana cikinsa ba.

Ummussalma