An Harbe Mani a Falon Alhaji Gide

Ƙanƙara, 9 ga Fabrairu, 1977

Zuwa ga ƙanena Mani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina yi maka ta'aziyyar rasuwarka. Allah ya ba ka haƙuri.

Ga yadda aka yi. Alhaji Gide ɗan kwangila ya sayo talabijin da janareta, ya kafa eriya a kan gora. Kullum bayan magariba falonsa cike yake. Ranar nan ana nuna wani wasan 'yan sandan Amurka, sai ga ka da baƙar hula kana gudu. Sha'ibu mai awon hatsi, ɗan garinmu Daudawa, ya miƙe ya ce, "Wallahi ga Mani na gidan Inna Talatu! Ku dubi tsagen kuncinshi!" Bai rufe baki ba aka harbe ka, aka lulluɓe ka da farin ƙyalle. Washegari ya kai labari kasuwar 'Yankara, kafin la'asar ya isa gida.

Ni lokacin ina Zariya wajen kwas ɗin shugabannin makarantu. Da na dawo na tarar har an yi sadakar bakwai. Na ce wa Limamin Daudawa wasa ne, ya ce, "Malam Abdulƙarim, maza tara baligai sun gani da idonsu. Kai mi ka gani?" Ban ga komai ba, sai na ci gumbar sadakarka, ta yi daɗi.

Abin da ba na dariya ba shi ne matarka Lauratu ta shiga takaba. In ta fita, wanta Maharazu zai zo daga Damari ya tafi da ita, kuma ka san mace irinta ba za ta daɗe ba manemi ba. Shekara shida ke nan tana jiranka a ɗakin da ka bar ta. Ka yi wani abu da sauri.

Wanka,
Abdulƙarim

Los Anjalis, 2 ga Maris, 1977

Yaya,

Gaisuwa da ladabi. Na yi dariya har maƙwabcina ya buga bango, daga baya kuma na kasa cin abinci.

Yaya, wannan ce mutuwata ta uku. Sun taɓa jefo ni daga bene, sun nutsar da ni a teku. In ana neman baƙin mutum mai tsage da zai faɗi ƙasa da kyau, ni ake kira. Ainihin aikina a gidan rediyo ne. Kullum da safe ina saka faifai, ina surutu tsakanin waƙa da waƙa, ina gaya wa masu tafiya aiki inda hanya ta cunkushe. An ce dubban mutane ke saurarena. Ni dai ɗaki ne ba taga, da gilashi, da wani Bature a bayan gilashin yana ɗaga mini yatsa. Na san gwamnati karatun injin noma ta aiko ni, ba sai ka tuna mini ba.

Ga kaset na haɗo. Na gai da Inna da kowa da sunansa. Sau uku na sake ɗauka, don harshena ya yi nauyi, rabona da yin Hausa da baki tun da ɗan Kano ɗin da muke ɗaki ɗaya ya koma.

Zuwa ba zai yiwu yanzu ba. An ba ni matsayi a wani wasa na mako-mako, direban tasi, kuma wannan ba ya mutuwa. Shekara huɗu ina jiran irinsa. In na taso, wani za a ba. Ka ce wa Lauratu ta ƙara haƙuri zuwa baɗi.

Ƙanenka,
Mani

Ƙanƙara, 4 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga marigayi Mani,

Gaisuwa da fatan alheri. Na kai kaset ɗinka Daudawa a kan babur, aka saka a zauren gida. Inna ta rungume rediyon tana ta kuka, ta sa aka maimaita wurin da ka ce "Inna, ina kwana" har batir ya yi sanyi.

Amma Liman bai girgiza ba. Ya ce, "Mawaƙa nawa suka mutu, ga su nan suna ta waƙa cikin wannan akwati? Murya ba shaida ba ce." Wasiƙarka kuwa ya ce takardar Amurka tana daɗewa a hanya, wa ya san ranar da aka rubuta ta. Na karanta littattafan mantiƙi da dama, ban taɓa gamuwa da wanda ya kayar da ni cikin sauƙi haka ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, an maimaita wasan a talabijin, ka sake mutuwa a wuri ɗaya, yanzu shaidu sun kai talatin.

Na leƙa wurin Lauratu, na tsaya a bakin ƙofa na karanta mata saƙonka na baɗi. Sai ta ce, "Yaya, ai ni tun takardar farko na san yana nan." Na ce to me ya sa ba ta tuɓe kayan takaba ba? Ta ce da kanta za ta gaya maka, ta koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci. Takardarta na cikin wannan ambulan. Ban karanta ba, ko da yake na ɗaga ta a rana.

Wanka,
Abdulƙarim

Daudawa

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da biyayya. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke. Ka yi haƙuri da rubutuna.

Na ji muryarka, na gode Allah. Ka gai da kowa har da Gambo makaho, ni ce ta ƙarshe.

Tun da ka tafi, in mata sun taru ba su san inda za su sa ni ba. Ni ba bazawara ba, ba mai miji ba. In na yi kitso a ce don wa, in ban yi ba a ce na lalace. Da aka ce ka rasu, gidan nan ya cika. Mata suka zauna da ni, aka yi mini fura, aka tambaye ni yadda nake ji. Ba wanda ya taɓa tambayata sai da ka mutu. Kuma takaba tana da ranar fita. Jiranka ba shi da ita. Shi ya sa ban tuɓe ba, Allah ya yafe mini.

Na san ba ta halatta, tunda kana da rai. To ka zo kafin shuka, ko ka aiko mini da takardata in koma Damari. Baɗi ka faɗa bara.

Matarka,
Lauratu

Los Anjalis, 1 ga Mayu, 1977

Yaya,

Gaisuwa. Na je ofishin jirgi, na tsaya a layi har aka zo kaina, na ce wa matar da ke sayar da tikiti na manta wani abu a mota. Ba ni da mota.

Takardar da ke ciki ta Lauratu ce, saki ɗaya. Ka ba ta hannu da hannu, kuma don Allah kada ka yi ba'a a ranar. Ka bar mata akuyoyin da duk abin da ke ɗakin. Ka ce mata rubutunta ya yi kyau.

Ka riƙa rubuto mini, ko zagina ne.

Mani

Ƙanƙara, 28 ga Mayu, 1977

Ƙanena Mani,

Bayan gaisuwa, na ba ta, ban yi ba'a ba. Ta karanta da kanta, ta ninke ta sa a haɓar zane.

Liman ya duba takardar ya daɗe, sannan ya ce matacce ba ya saki, tunda ga saki to mai sakin yana nan. Saboda haka Daudawa ta yarda kana da rai. Ina taya ka murna.

Lauratu ta nemi ta yi iddarta a Damari, ba wanda ya hana. Maharazu ya zo da a-kori-kura ranar Laraba. An yi ruwan shuka a ranar, sai da aka rufe kayanta da tabarma.

Yanzu Inna ce kaɗai a cikin gida. Ta ce in tambaye ka, tunda an tabbatar kana da rai, yaushe za ka zo. Na ce mata zan tambaya. Ga shi na tambaya.

Wanka,
Abdulƙarim