Kalangunka Cikin Babbar Rigata

Zuwa ga mahaifina, Baba Ɗan Gambo mai kalangu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana kwance cikin rahamar Ubangiji, ni ne ɗanka Sule, wanda duk unguwar Mile One yanzu ba a kira na sai Sule Kwangila. Masu leƙen wasiƙar nan ku yi haƙuri da rubutun, bakina ya fi hannuna gudu.

Baba, na dawo Fatakwal bayan yaƙin basasa, kai Allah bai nufe ka da dawowa ba. Gari ya canza, kuɗin mai sun shigo. Ni nake kai wa Turawan kamfani nama. Nai babur, nai agogo mai kashe ido. In na shiga kasuwa har ƙasa motsi take, in ji ni.

Sai dai in an tambaye ni ɗan wa nake, cewa nake ubana falke ne, in shanunsa suka taso daga Arewa har jirgin ƙasa nishi yake. Ban taɓa cewa kai ne mai yi wa mahauta kiɗa ba. Kalangun da ka bar min kuwa yana ƙarƙashin gado, bayan akwati.

To shekaranjiya mai gidan da muke haya ya gaji da kuɗin cizo da kyankyasai, ya kawo masu feshi da tulun ƙarfe goye a baya. Suka ce kowa ya fito da abinci da duk wani abu na fata, don maganin da kananzir ake haɗa shi, in ya taɓa fata bushewa take ta tsage. Daga nan a kulle ɗakuna sai la'asar.

Wallahi Baba na daɗe tsugune gaban gadon nan. In na bar shi, magani ya cinye fatar da ka ɗaura da hannunka. In na fito da shi, tsakar gida cike take da mutane, har da tsohon Sarkin Fawa da ke zaune a ɗakin ɗansa.

Sai dabara ta zo min, ka san ɗanka. Na naɗe shi cikin babbar rigata ta shadda, na fito ina taku. Na ce a ba ni hanya, rediyo ce daga Ingila, Bature ya ba ni, ba ta son rana. Ɗaya daga masu feshin ya leƙo ya ce, "Oga, this your radio get waist o!" Wai rediyon tawa ƙugu gare ta. Na ce sabon yayi ne, ina zai sani.

Ana kulle ɗakuna ruwa ya kece, irin na Fatakwal da ba ya sallama. Duk muka cusu ƙarƙashin rumfar kwano, tukwane da yara da katifu. Aka matse ni jikin Sarkin Fawa. Na ɗaga ƙunshin na sa a hammata don kar feshin ruwa ya same shi, sai 'yan tsakuwoyin nan na cikinsa suka yi kacau.

Tsohon bai ko juyo ba. Ya ce, "Allah ya ji ƙan Ɗan Gambo. Haka yake riƙe shi, hammatar hagu. Da kiɗansa nake sanin nama ya iso tun kana yawo ba wando."

Na jira a yi mamaki. Ba wanda ya yi. Mata suka ce amin, maza suka ce amin. Ashe tun ranar da na sauka a tasha suka gane ni, fuskarka ce a wuyana. Duk shanun da nake ta zubawa a majalisa, kallona kawai suke, suna ƙyale ni don darajarka.

Na kwance rigar. Mata suka ce in ɗan taɓa musu. Na taɓa, ya yi kuka kamar kwaɗo ya faɗa rijiya. Da sun yi dariya da na samu sauƙi, amma ko yara ba su yi ba.

Fatar dai lafiya lau, ko ɗigon magani bai same ta ba. Da aka buɗe ɗakuna wari kamar ya kashe mutum, Sarkin Fawa ya ce kar in shigar da shi sai warin ya fita, in kai shi shagonsa na bayan kasuwa. Ya kuma ce rigar in bar ta a gida.

Haka na rataya shi a kafaɗa na ratsa Mile One, ba babur. Wajen masu doya wani ya ƙwala min kira, "Kwangila, kalangun wa ka sato?" Na ce na ubana ne. Muryar ba ta fita ba, sai da na sake faɗa.

Ka yafe min, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ranar da za mu haɗu kar ka ji kunyar cewa ni naka ne. Amin.

Ni ne ɗanka,
Sule na Ɗan Gambo mai kalangu.