Wanda Ban Kira Ba

Da sunan Allah. Ina rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ba ne, ba kuma ƙwayoyin da ake ɗura mini ba. Likita ya soma kallon takalminsa idan yana mini bayani. Na san kallon nan, shekara talatin da biyu ina yi wa masu karnuka irinsa a asibitin dabbobi.

Zuwa gare ku 'ya'yana: Babba, Na-tsakiya da Auta. Biyu za su karanta a falo. Ɗayan da ba ya nan shi ne dalilin takardar.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa a raba yadda Allah ya tsara. Ba ni da ƙari, kuma kada kawunku ya ƙara.

Na biyu, karnuka. Karyar kiwon nan mai baƙi da fari a kai wa tsohon mai gadin asibitinmu, wanda ya koma gona da tumakinsa. Karen kiwo in bai sami abin kaɗawa ba, zai kaɗa kaji, ya kaɗa baƙi, ya kaɗa inuwarsa. Katanga zalunci ce gare shi. Babban karen gadin, Auta ki riƙe shi. Haƙoransa sun zube, amma irinsu mutum ɗaya suke amincewa da shi, kuma bayan ni ke ce. Ƙaramin nan mai tono, wanda ya ƙarar da shukokina yana neman ɓeran da babu, duk mai haƙuri ya ɗauka. Ban dai ga mai haƙurin a danginmu ba.

Na uku. Akwai littafi mai baƙin bango a durowar teburina ta ƙasa. Babba, kin san shi. Kin karanta kina shekara goma sha uku, kika mayar, kika yi sati ba ki ci abinci tare da ni ba. Na lura. Har na rubuta hakan a ciki.

A jami'a an koya mana cewa kowane rukunin kare da halinsa: na kiwo, na gadi, na farauta, na tono, da ƙananan da aka yi su don zaman cinya. Ilimi ne mai kyau, shi ya ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinku. Laifina shi ne idan na dawo gida nakan tuɓe farar riga, amma ba na tuɓe idon. Shafukan farko na karnuka ne. Na ƙarshen naku ne.

Babba, na rubuta miki: "Ta kiwo, a ba ta aiki." Na ɗora miki ƙannenki kina shekara tara. Har yau kaɗa mutane kike yi, mijinki ne shaida. Ban taɓa tambayarki ko kin gaji ba. Auta, ke na rubuta: "Ta cinya, kada a sa rai." Kika gama karatun lauya ina ce miki, "'Yar lelena, miƙo mini ruwa."

Kai kuwa Na-tsakiya, na sa ka cikin masu bin sawu da hanci. Irin wannan kare in ya kama ƙanshi kunnensa ya toshe, ko maƙogwaro ya tsage ba zai waiwayo ba. Mukan gaya wa masu shi, kada ku ɓata muryarku, yunwa za ta dawo da shi. Ranar da ka bar jami'a za ka bi masu gyaran injuna, bayan na gama gaya maka abin da na gaya maka, ka tsaya a bakin ƙofa da jakarka, ka durƙusa kana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure. Babba ta ce, "Mama, ki yi masa magana mana." Na ce, "Irinsa ba ya jin kira." Na ci gaba da shan shayina.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, yunwa ba ta dawo da kai ba. Sai da na kwanta a gadon nan, ina sauraron takun mutane a baranda, na gane jira kake yi a ƙofar.

Na huɗu. Shafukan karnukan a ba ɗaliban asibiti, daidai suke. Sauran a yage a ƙona.

Na biyar. Ku biyu ku daina cewa ɗan'uwanku ya yar da uwarsa. Na bar ku kuna faɗa ne don ya fi mini sauƙi. Shekara shida lambarsa tana hannuna, wata da ta kawo karenta allura ce ta ba ni. Tana bayan katin rigakafin karen gadin. Sau da yawa ina danna ta har lamba ta ƙarshe, sai in ajiye.

Ku kira shi. Ba saƙo ba, murya. In bai ɗauka ba ku sake, in ya kashe ku sake, har sai shi da bakinsa ya ce ku bari. In ina da sauran numfashi, ku kara mini wayar a kunne, ku fita. In babu, ku karanta masa wannan, kada ku tsallake ko layi ɗaya don ku rufa mini asiri.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku 'ya'yan da za ku tambaya kafin ku yanke musu hali. Ku yafe mini. Kada a raba ko cokali sai ku uku kuna zaune a ɗaki ɗaya.

Mahaifiyarku.