Lungun Da Makarar Kawu Ta Kasa Juyawa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi min sassauci, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mai awon filaye ne a yankin Ungogo, inda gonakin gero suke ta komawa gidaje. Da gari ya iso gonar Kawu, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni tun ina ƙarami, ni ya ba aikin yanka ta, don idonsa ya yi rauni. Sharaɗi ɗaya ya kafa min: "Ɗana, ko'ina ka bar hanyar da makara za ta juya." Na ce to. Amma da na ja igiya sai na ga in na tsakuri kowane lungu kaɗan, fili guda zai fita. Na tsakura. Na ce masa rara aka samu, ya yi murna, ya ce in gina ya ba ni. A ciki nake zaune da iyalina.

Watan jiya Kawu ya rasu. Muka ɗauko makara daga gidansa da ke cikin filayen da na yanka, muka zo kwanar lungu, ta ƙi juyawa. Aka ja baya, aka karkata, aka ɗaga sama, ina! Sai da aka sauke shi, aka naɗe a tabarma, aka fito da shi a hannu kamar kaya. Ni ne a ƙafafunsa. A bayana na ji wani dattijo yana cewa, "Allah Ya jiƙan Malam, amma ga ƙarshen haɗama nan. Ya cinye hanya, yau ta hana shi fita." Na ci gaba da tafiya kamar ban ji ba. Wai wane irin mutum ne ni?

Yanzu maganar ta cika unguwa. Shekaranjiya Inna, matarsa, ta kira ni ta ce, "Kai ka yi awon nan. Tsakaninka da Allah, shi ya ce a matse?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, a bar maganar, ya riga ya tafi." Ta ce, "Ashe dai gaskiya ne," ta fashe da kuka. Wallahi kunya kamar in nutse.

In na faɗi gaskiya, sana'ata ta mutu, wataƙila gidan ma a rushe. In na yi shiru, Inna za ta mutu tana zargin mijinta, kuma ita ma ta lungun nan za mu fito da ita. Jama'a, me zan yi?