Ni Na Ce An Yi Mata Kurciya

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku da ɗawainiya. Don Allah ku ji maganata har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don wanda na yanke wa kaina ya fi naku zafi. Ban yi boko ba, ban san yadda ake riƙe alƙalami ba. Mota na hau daga garinmu a ƙasar Kiru na zo Tudun Wada ranar kasuwa, na sami mai rubuta wasiƙa wanda bai san ni ba, na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Sunayen da za ku gani ba na gaskiya ba ne.

Ni mace ce da aka sani da faɗa da sa ido. A unguwarmu in yarinya ta fita ba mayafi, ni take tsoro kafin uwarta. In rigima ta tashi aka ce a kira ni shaida, to magana ta ƙare, don an san ba na ƙarya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

'Ya ɗaya Allah ya bar mini, kuma ita ce ta fari. Kun san yadda muke da 'yan fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zaunar da ita mun yi hira ba. “Ke” nake cewa, ko “yarinyar nan”. Ubanta ya rasu tana ƙarama, da gumin shinkafa na yi mata karatu: in sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, in jiƙa, in turara a tukunya, in shanya, in cashe a turmi, don lokacin inji bai zo mana ba. Hayaƙi ya cinye mini ido, bakin tukunya ya bar mini tabo har gwiwar hannu. Duk lokacin da tiriri ya bugi fuskata abu ɗaya nake faɗa a raina: wannan yarinyar ba za ta tsaya a kan tukunyar nan ba.

Allah ya amsa. Ta yi karatu, ta kama aiki a wata masaƙa a Kano, tana hawa tana hawa har aka ɗora ta a kan ma'aikata duka. Mota fijo, da direba. Sau ɗaya na je ofishinta, na ga magidanta masu gemu suna miƙewa tsaye don ta shigo. Masinja ya ce mini, “Baba, zauna, Manaja na zuwa.” Na juya kalmar a bakina. Manaja. Ai wannan ba sunan yanka ba ne, babu kunya a cikinsa. Da ta fito na ce, “Manaja, an wuni lafiya?” Ta tsaya tana kallona, sai ta yi dariya har da hawaye. Ina da furfura a kai na sami sunan da zan kira 'yata da shi. A gari kuwa na koma Uwar Manaja, a gidan biki ni ake shimfiɗa wa darduma.

Sai wata rana da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gida da katifa a sama. Aurenta ya daɗe da mutuwa, yaranta suna makarantar kwana, ita kaɗai ta sauko. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, “Inna, na ajiye aiki.”

Na ce, “Kora aka yi?”

Ta ce, “Ni na ajiye. Tunda kaya suka yi tsada aikina ya koma kiran magidanta ɗaya bayan ɗaya ina ce musu gobe kada su zo. Ni kuwa abin da na iya shi ne in ɗauki wanda bai san darajar kansa ba in tsayar da shi da ƙafarsa. A nan zan yi, da matan garin nan.”

Na ce, “Da me?”

Ta ce, “Da shinkafa. Kuma Inna, a daina Manajan nan, na baro shi a Kano.”

Me zan ce? Da 'yar auta ce da na zage ta tas, mun yi kuka mun shirya. Amma 'yar fari ba a sa-in-sa da ita. Na haɗiye maganar. Tukunyar da na ƙone hannu don in raba ta da ita, ita ta dawo ta ɗora a tsakar gidana. Sunan da nake kiran ta da shi ma ta karɓe.

Gaskiya ɗaya ce, ta iya abinta. Ta bi ta hannun Dagaci, ta bi mazaje gida gida tana neman izini, har mata suka cika gidan nan. Ba gumi take koya musu ba, wannan sun gada. Koya musu take yadda za su haɗa kayansu wuri ɗaya, su tsince tsakuwa, su tsaya a kan farashi ɗaya. Sai ta ɗora hular marigayi ubanta a ka ta zama dillali, ta damƙi shinkafa ta yatsina fuska: “Wannan duk tsakuwa ce, a taimake ku dai zan saya.” Akwai wata Dije, Bafulatana daga wajen Ɗansoshiya da aka auro garinmu, wadda ko gaisuwa sai ta juya baya take yi. Sai yarinyar nan ta ce mata, “Dije, ɗaga kai. Ba bashi kika zo ci ba, kayanki ne. Ce albarka.” Dije ta ce albarka kamar mai neman gafara, mata suka kwashe da dariya. Kafin kaka ta zagayo Dijen nan ita ke tsayawa da direbobin Kwanar Dangora, su yi ta magiya tana cewa albarka. Ta zama hannun damanta. Ina daga bakin ɗaki ina kallo, ban taɓa sa hannu ba, ban taɓa cewa sannu ba.

To ga laifina. An yi suna a gidan su Dije, na je. Na shiga ɗakin surukarta, Goggo Abu, ƙawata tun muna 'yan mata, bakinta kuwa ba ya riƙe ruwa, kuma na sani. Babu darduma ranar, tabarma aka nuna mini. Goggo Abu ta ce, “Uwar Manaja, ko in ce uwar mai gumi? Wai da hankalinta ta bar fanka ta dawo hayaƙi?” Mu biyu ne a ɗakin. Da na ce mata e, da hankalinta, da magana ta mutu a nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, “Ke dai bari. Kurciya aka yi mata a wurin aikin, ta kasa zama. Ba ta san abin da take yi ba.” Babu malamin da ya faɗa mini, babu mafarkin da na yi. Na ga gara a ce asiri ne ya tashe ta, da a ce ta duba kujerar nan da na saya mata da idona da hannuna ta ce ba ta so. Wace irin uwa ce ke zaɓar a ce 'yarta ba ta cikin hayyacinta don ta tsira da darduma?

Maganar ta fita daga gidan, ta yi 'ya'ya. Daga kurciya aka koma taɓin hankali, aka ce ai ga shi tana sa hular maza. Sai wata cikin matan ta yi yaji a kan abin da bai shafi shinkafa ba, nan take aka ce kurciyar tana naso, duk wadda ta zauna da ita ba za ta zauna gidan miji ba. Mazan da dama ba sa son jin mace ta iya cewa albarka suka sami abin riƙewa. Yau a hana wannan, gobe a hana waccan. Tukwane suka yi sanyi. Tsakiyar damina Goggo Abu ta kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Na je ta'aziyya, ina jan carbi, wani ɓangare na zuciyata yana cewa shi ke nan, babu wanda ya sani. Allah ya yafe mini wannan ma.

Bayan sadakar bakwai yarinyar nan ta same ni ina tsince wake. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta ce, “Inna, ke ba abin da ke wuce idonki a garin nan. Ke kaɗai zan tambaya in yarda. Daga ina maganar nan ta taso?”

Ban ɗaga kai ba. Na ce, “A gidan su Dije aka fara faɗa.”

Kun gani? Ban yi ƙarya ba. A gidan aka fara faɗa. Ta ce, “Dije?” a hankali, kamar an taka mata ƙafa. Washegari Dije ta zo da sassafe yadda ta saba, yarinyar nan ta tare ta a zaure ta ce ta koma, sun gama. Ina jin Dije tana cewa, “Adda, me na yi? Ki faɗa mini me na yi.” Ba ta faɗa mata ba. Dije ta leƙo ta gan ni ta ce, “Inna, ki sa baki.” Na ce ba ruwana da sha'aninku.

Yanzu Dije ba ta fita ko rijiya. Mata suna ce mata butulu, wadda aka buɗe wa baki ta fara da cizon mai buɗewar. Mijinta ya kai ƙara wurin Dagaci, ya ce sai an wanke matarsa ko a tabbatar, in an tabbatar ta koma Ɗansoshiya. Dagaci ya ce bayan an gama yankan shinkafa za a zauna, kuma ni za a kira, tunda ni ce ba na ƙarya. Yarinyar nan kuwa ta daina sa hular, ta daina dariya. Matan da suka rage ba su cika tabarma ɗaya ba. Rannan ta ce mini, “Inna, a Kano na san masu son kujerata, ban damu ba. Amma in wadda na tsayar da hannuna za ta yi mini haka, to ban iya aikin da nake taƙama da shi ba.” Ta fara maganar sayar da tukwane. Ba Kano za ta koma ba, kujerar an ba wani. Abin da nake so ke nan da farko, ko ba haka ba? To ga shi na samu, na kasa jin daɗinsa.

In na maimaita a gaban Dagaci abin da na faɗa mata, auren Dije ya mutu, 'yata kuma ta ƙarasa rushe abin da ta gina, ta zauna tana zargin kanta. In na faɗi gaskiya, matan za su iya dawowa, don in uwa ta ce ita ta ƙirƙira wa za ya musa? Amma 'yata za ta san cewa duk watannin nan da take kawo mini tuwo tana tambayata ciwon ƙafa, ni ce. Tana da wata uwar? Ina da wata 'yar?

Saura abu ɗaya. Mai rubutun nan ya ajiye biro ya tambaye ni wa zai karanta mini amsarku. A gidanmu mutum ɗaya ke karatu. Ita ke aika a sayo jaridar nan, ita ke karanta mini wannan fili bayan la'asar, shi ne kaɗai zaman da muke yi tare. Na sake sunaye, amma hular ubanta da tabon hannuna ba sa sakuwa. Na sani, kuma na ce ya rubuta.

To ku faɗa mini. In bari ta ji a bakin jarida, da muryarta, ina zaune a gabanta? Ko in riga jaridar, in kira ta ɗaki in faɗa da bakina? In kiran ne, Manaja ta hana, “ke” kuma ba ta isa wannan magana ba, sunan da ubanta ya raɗa mata kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Shinkafa ta fara ja a fadama. Me zan yi?