Ma'aunin Dujo

Starigrad, ƙarshen watan Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Tonka,

Yabo ya tabbata ga Yesu da Maryamu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa shekaruna tamanin da biyu, haƙoran bakina nawa ne ba na roba ba, ƙafafuna suna zuwa inda na aike su, kuma ba ni da bukatar tausayin kowa, balle wanda ya ƙetaro teku cikin ambulan. Wasiƙarki ta iso. Kin cika ta da "Allah sarki, Yaya" kamar mai yin ta'aziyya. Ki adana wannan don ranar da za ta yi amfani.

Ina roƙon Allah ya ba maigidanki Vicko sauƙin ƙugun da aka yi masa aiki, ya raya jaririyar 'yarki Nevenka, ya sa ta tashi tana jin harshen kakanninta ko da kaɗan ne. Mu nan lafiya lau. Baƙin bazara sun watse, bakin teku ya koma hannun masu shi, iskar arewa mai sanyi ta fara saukowa daga tsaunin Velebit tana kaɗa tagogi. Ɓaure ya yi albarka bana, na shanya abin da zai kai ni Ista. Zaitun kuwa sai godiya. Stana maƙwabciyata ta rasu a farkon wata, an yi mata jana'iza mai kyau, duk da cewa limamin cocin ya yi kuskure a sunan mahaifinta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na san ɗana Zvonko ya kira ki daga Zagreb, ya ce miki uwarsa ta fara ruɗewa, ta firgita yaro ɗan shekara shida har ya daina barci, kuma ya gindaya mini sharaɗi: ko in janye maganata in ba matarsa haƙuri, ko kada in sake ganin jikokina. Sharaɗin gaskiya ne, firgitar yaron ma gaskiya ce. Ruɗewar ce ƙarya. Tun da kin yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, sai ki daure ki ji ɗayan.

Sun zo hutu a farkon Agusta kamar yadda suka saba, shi da matarsa Vlatka da yaran biyu, Tena mai shekara goma sha ɗaya da ƙanenta Borna. Na share musu ɗakunan bene, na shimfiɗa zannuwan da mahaifiyarmu ta saƙa wa baki. Tun ranar farko Vlatka ta kwashe tukwanena ta jera nata, ta ce nawa sun tsufa suna sa ciwo. Na gasa kifin sardin da ganye da dankali, ta ce Borna ba ya cin abin da ke kallonsa. Zvonko kuwa yana shiga yana fita da rigar wanka, yana tambayata tawul kamar ya sauka a otal. Na miƙa masa tawul ɗin. Kusan shekara arba'in na koyar da lissafi a Zadar, na san yadda ake haƙuri da marasa tarbiyya. Abin da ke riƙe ni kowace shekara shi ne Tena. Yarinyar nan tana da kai, tana da baki, ba ta tsoron ruwa mai zurfi. Da safe mukan yi iyo tare har bayan jiragen kamun kifi, ta ce mini, "Kaka, ke fa kifi ce da aka manta ba a kama ba." Ina gaya miki wannan ne don ki san abin da aka ɗora a kan sikeli.

Wata rana Vlatka ta gano a wayarta cewa akwai hanyar yawo da ke hawa tsauni zuwa wurin mirila, wato ma'aunan matattu. Ta karanto mini bayanin da ƙarfi, ni da aka haifa a rugar da ke sama da wurin. Tun da kin bar ƙasar nan kina da shekara goma sha tara, kuma ba ki taɓa hawa can ba a zuwanki biyu, bari in tuna miki. Idan mutum ya mutu a rugagen sama, aka ɗauko shi za a kai maƙabarta a bakin teku, wuri ɗaya tak ake sauke gawa a hanya. A nan ake auna ta, a kafa dutse a kai, a kafa dutse a ƙafa, daga baya a shimfiɗe tsakaninsu da duwatsu. Tsofaffinmu sun ce maƙabarta ta jiki ce, kurwa kuwa a ma'auni take hutawa. Na yi karatun da ya ishe ni in yi shakkar cewa kurwa tana zama cikin dutse. Amma na san abin da idona ya gani ina da shekara tara, ranar da aka sauko da Dujo, ƙanena kuma wanki, bayan mashaƙo ya shaƙe shi. Kina zanin goyo a lokacin. Baba ya kasa ɗaga dutsen ƙafa, ni na ɗauko shi na kafa a tafin ƙafar yaron.

Sun so su bar ni a gida saboda gwiwoyina. Na ɗauki sandata na bi su, kuma har rabin hanya ni ce a gaba, Zvonko yana haki a baya kamar jakin da aka yi wa lodin gishiri. Kusa da wurin na tsaya tsinkar ganyen shayi, suka wuce ni. Kafin in ƙarasa na fara jin dariya. Da na kewayo kwanar, sai na tarar da Borna kwance tsakanin duwatsun Dujo, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya zaro harshe. Tena tana tsaye a kansa tana kukan ƙarya, Zvonko yana ɗaukar hoto yana cewa kada gawa ta motsa. Vlatka ta ce a duba ikon Allah, kamar tela ne ya auna shi. Kuma haka ne, Tonka. Ido ba mudu ba, ya san kima. Kansa ya taɓa dutsen kai, diddigensa ya taɓa dutsen da na kafa da hannuna.

Na tambayi Zvonko ko ya san ma'aunin wa ke nan. Sau nawa na hau da shi nan yana yaro, na sa ya cire ciyawar da ke tsakanin duwatsun? Ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Mama, ai duk kamarsu ɗaya, wa zai iya riƙewa?" Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kafin in buɗe baki, Vlatka ta dafa kafaɗata ta ce tun da na wahala na hawo da ƙafata, in kwanta mana a auna ni yanzu, in hutar da su ɗaukar kaya nan gaba. Zvonko ya yi dariya. Ɗan da na haifa ya yi dariya har yana riƙe ciki.

Ban ɗaga murya ba, kin san ba halina ba ne. Na durƙusa kusa da Borna, na ce masa gadon nan da yake kwance yana da mai shi, sunansa Dujo, shekarunsa shida kamar nasa. Na ce maƙogwaronsa ne ya riƙa toshewa kaɗan kaɗan har ya kasa kiran mamarsa, tana zaune kusa da shi ba ta ji. Na ce kuma duk wanda tsawonsa ya yi daidai da ma'auni, mai ma'aunin yakan zo ya duba wanda ya ari gadonsa. Wannan na ƙarshe babu shi a al'adarmu, ni na ƙirƙire shi nan take, kuma na zaɓi kowace kalma da natsuwa. Na san ba yaron ne ya yi mini laifi ba. Amma na daɗe da sanin cewa babu abin da zan faɗa wa waɗancan biyun ya shige su. Ta wuri ɗaya kawai suke jin zafi, ta nan na bi.

Aka sauko gida. Daga ranar Borna ya daina shiga teku, ya daina cin abin kirki, hannunsa kullum a wuya. Ya koma jiƙa shimfiɗa. Kowace safiya sai ya ja uwarsa zuwa bakin ƙofar kicin, ya tsaya ya miƙe, ta zana masa layi da fensir, wai ya ga ko ya ƙara tsawo ya wuce ma'aunin. Iyayen sun rantse masa cewa tatsuniya ce, bai yarda ba, ya ce Kaka malama ce, ba ta ƙarya. Wata safiya ya same ni ni kaɗai ina yanka burodi, ya tsaya nesa, ya tambaye ni da ƙaramar murya ko in ya ƙara tsawo Dujo ba zai gane shi ba. Kalma ɗaya ta ishe ni in kwance shi. Na ce masa yara ba sa girma cikin mako guda, ya je ya wanke hannu.

Da rana Zvonko ya zo da sharaɗinsa, Vlatka tana bayansa da jajayen idanu. Na ce na ji, ni ma ga nawa: a goge hoton, sa'an nan matarsa ta hau tsaunin da ƙafarta ta nemi gafara a gaban dutsen, ko da ba ta yarda akwai mai ji ba. In an yi haka, kafin rana ta faɗi zan gaya wa yaron gaskiya. Vlatka ta ce ita ba za ta roƙi tsakuwa gafara ba don a faranta wa tsohuwar mayya. Zvonko ya ce hoton ai ya riga ya shiga zauren iyali na waya tun a kan tsaunin. Na buɗe tawa na duba. Yana nan, kuma a ƙarƙashinsa akwai fuskar nan mai dariya har da hawaye, da sunanki a jikinta. Ba na zarginki da mugunta, Tonka. Ba ki gane ma'aunin wanki ba ne kawai, kuma ban san wanne ya fi muni ba.

Sun tafi ana jibi idin Maryamu na tsakiyar Agusta, alhali sun yi niyyar kaiwa ƙarshen wata. Borna ya shige mota bai waiwaya ba. Tena ce ta dawo bakin ƙofa, na ɗauka sallama za ta yi. Ta tsaya ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Kaka, ni na ce ya kwanta a wurin. Da ni ya kamata ki yi, don ni ba na tsoronki. Shi kika zaɓa saboda ƙarami ne." Ta juya ta tafi, bayanta a miƙe. A duk gidan nan ita kaɗai ta gado ni, kuma ita kaɗai ta san inda za ta soka. Ba zan ce miki bai shige ni ba. Amma magana zarar bunu ce, tawa ta fita, tata ma ta fita.

Kin rubuta cewa in sauke girman kai, tsufa ba ya son kaɗaici, jikoki su ne fitilar gida. Na gode da wa'azi. Na jira har ƙarshen Satumba ko wani zai hau tsaunin, ko a goge hoton. Hoton yana nan har yau. Na ji an kai Borna wurin likitan da ke hira da yara, an ce yana samun sauƙi. Allah ya ƙara masa, da gaske nake.

Ki gaishe mini da Vicko, ki ce ya riƙa takawa ko da yana ciwo. Ki gaida Nevenka da mijinta, da ɗanki Frane da iyalinsa, da 'yar Stana in kuna haɗuwa a coci, ki yi mata ta'aziyya a madadina. Akwatin busasshen ɓaure yana hanya, in ma'aikatan ƙasarku ba su ƙwace ba.

Saura abu ɗaya, kuma ba shawara nake nema ba, don an riga an gama. Gadajen bene na bayar da su ga gidan marayu, ɗakunan na kulle. Ranar Talatar da ta wuce na hau tsaunin tare da Grgo mai sassaƙa dutse, wanda na kayar sau biyu a jarrabawa kuma har yanzu yake cire hula in ya hango ni. Da farko ya ƙi, ya ce ba a auna mai rai, ba a taɓa yi ba. Na ce surukata ce ta ba da shawara, ɗana kuma ya amince da dariya, wace ce ni da zan saɓa wa iyali? Na kwanta a gefen Dujo, kaina yana gabas kamar yadda ake yi. Ƙasar tana da sanyi, sararin sama kuwa ban taɓa ganinsa da faɗi haka ba. Grgo ya kafa dutsen kai, ya kafa na ƙafa. Na ce ya matso da na ƙafar, saboda ya bar rata. Ya ce, "Malama, ko a nan ma sai kin gyara mini awo?" Ya shimfiɗe tsakani, ya sassaƙa ƙaramin gicciye da farkon sunana.

Na rubuta wa Zvonko layi biyu. Na ce an auna uwarsa, ba sai sun ɗauki kaya ba. Na ce matar da ke zaune a gidan bakin teku ba ta karɓar baƙi, wanda yake son ya ziyarci uwarsa ya san hanyar tsauni, kuma wannan karon ba zai ce duk kamarsu ɗaya ba, don ma'aunina sabo ne, fari fat, kusa da ƙaramin. Ke ma haka, Tonka. Zumunci a ƙafa yake.

Yayarki,
Perina