Abin da jinin Inna ya nuna

Laraba da dare, 9 ga Sha'aban, Dungas

Na kasa barci. Yau na raka Inna asibiti karɓo sakamakon jinin da masu binciken abinci suka ɗiba. Likitar ta ce akwai wani irin maiƙo a jini da yake ƙaruwa idan mutum yana shan nono yana cin man shanu. Na Inna kaɗan ne ƙwarai. Alhali ranar da suka tambaye ta, a gabana ta ce kullum sai ta sha nono.

Na ce ko awon ne ya yi kuskure? Likitar ta ce mai yiwuwa ne, alama ce kawai. Sai ta dubi wuyan hannun Inna.

Na rasa gane kan abin. Saniyar da Baba ya bari tana can ƙauyenmu Guci wurin Inna, kullum ana tatsarta.

Muna jiran kabu-kabu na ce, "Inna, ina nonon yake tafiya?"

Ta daɗe tana gyara mayafi. Ta ce, "Maƙwabta nake ba. Tun da malam ya rasu, in na kai ƙwaryar baki sai in kasa sha. Da tare muke sha."

Wata bakwai ke nan. Duk ranar kasuwa ina zuwa, ina ganin tana ramewa, ina cewa tsufa ne.

Ban sani ba ko in dawo da ita wurina, ko in bar ta a ɗakinta. Gobe dai a Guci zan kwana. Zan dama fura, in zauna kusa da ita, in fara sha.